Hifnosis na ƙara mini fargaba

Assalamu alaikum. Wata 6 ke nan ina fama da faɗuwar gaba, musamman bayan sallar isha: ƙirjina ya riƙa dukan uku-uku, tafin hannuna ya jiƙe sharkaf da gumi. Likita ya auna jinina da zuciyata, ya ce lafiya lau, damuwa ce kawai.

Sai na koma sauraron muryar hifnosis (jinyar da ake kwantar wa mutum da hankali ta hanyar magana har ya zama kamar mai barci) a YouTube, minti 20 kullum dare, yau mako 3. Da zarar an ce in rufe ido in bi numfashina, sai in ji kamar an shaƙe ni, in cizge abin kunnen. Na gwada da rana a zaune, bai canja zani ba.

Waɗanda suka yi wannan jinyar gaba da gaba da ƙwararre, shaƙewar nan tana wucewa in an daure?