Wai da gaske babban titin Marseille sunan wiwi ya ci?

Ɗan_Fagge: Salam jama'a, musu muka yi jiya a gidan kallon ƙwallo bayan wasan Marseille, wani yaro da ke ji da kansa wai shi ya san Faransa ya ce titin nan da magoya bayansu suke cikawa in sun ci kofi, La Canebière, wai ma'anar sunan gonar wiwi. Ni dai na ce masa ƙarya ne, wace gwamnati ce za ta bar babban titin birni da sunan kayan maye? Don Allah wanda ya sani ya raba mana gardama, don har shayi muka ɗora a kai.

Issoufou_Maradi: Wa alaikumus salam. To ɗan uwa sai dai ku raba kuɗin shayin, kowa ya biya rabi hhh. Ni nan garin nike karatu, kusan kullum sai na bi ta titin. Sunan daga harshen mutanen yankin ya hito, Furobansal, a wurinsu canebe shi ne wannan tsiro, kuma e dangin wiwi ne, nan yaron ya yi gaskiya. Amma ba don sha ba. Ɓawon karan ake sulluɓewa a tufka igiya, kamar dai yadda ake yi da rama a wajenmu, kuma a zamanin jiragen ruwa masu tafiya da iska jirgi ɗaya ma igiyar da yake ci ba kaɗan ba ce, ta ɗaure filafilai, ta anga, ta ɗaga kaya, ga ruwan gishiri yana cinye ta dole a yi ta canzawa. Marseille kuwa babbar kasuwar wannan kaya ce, masu tufka da masu saye da sayarwa duk nan bakin tsohuwar tashar jiragen ruwa suke. Wasu na cewa har noma shi an yi a fadamar wurin kafin gari ya cinye ta.

Shi titin an fara fitar da shi bayan 1666 lokacin da sarki Louis na 14 ya ba da umarni a faɗaɗa birnin aka rushe tsohuwar ganuwa. Da ɗan guntu ne, sai a 1927 aka haɗe shi da titin Noailles da Allées de Meilhan ya zama ɗaya, wajen kilomita guda daga bakin ruwa zuwa cocin Réformés.

Ɗan_Fagge: Kai Malam Issoufou ka kashe ni, wato dai yaron nan zai samu bakin magana kenan. Na gode sosai.

Baba_Tela: Yaro ka biya shayinka kawai. Ni abin da zan ƙara, garin nan ba baƙonmu ba ne ko da ba mu taɓa zuwa ba. Kamfanin kasuwanci na CFAO da iyayenmu suka sani a Kano da sauran garuruwa, a Marseille aka kafa shi a 1887, kuma gyaɗar Afirka ta Yamma mai yawa can ake kai ta a matse mai a yi sabulu. Da aka buɗe mashigin Suez a 1869 sai harka ta ƙara buɗe musu, kuɗin nan ne ya cika titin da manyan otal da gidajen shan gahawa, ga ginin 'yan kasuwa Palais de la Bourse da aka buɗe a 1860. To da ƙasashe suka samu 'yanci, fasinja kuma suka koma jirgin sama, sai titin ya fara mutuwa. Issoufou ɗana in na yi kuskure ka gyara min.

Issoufou_Maradi: Babu gyara Baba, haka abin yake. Ɗaya daga cikin manyan otal ɗin ma yanzu ofishin 'yan sanda ne. Kuma a gaban wannan Bourse ɗin da kuka ambata aka harbe sarkin Yugoslabiya Alexander a cikin mota ranar 9 ga Oktoba 1934, bai daɗe da sauka daga jirgin ruwa ba, ministan harkokin wajen Faransa Louis Barthou shi ma harbi ya same shi ya mutu, kuma masu ɗaukar fim suna wurin sun ɗauka. Sai 1938 gobara ta tashi a babban kantin Nouvelles Galeries mutum 73 suka mutu, 'yan kwana-kwanan gari suka kasa, shi ya sa a 1939 aka miƙa aikin ga sojan ruwa, har gobe su ke kashe gobara a Marseille.

Ummu_Hanan: Ikon Allah, sojan ruwa da kashe gobara. Ni tambayata daban, yanzu wurin yana shiguwa kuwa? Mai gidana zai je wani taro can, ina so in ba shi sautu.

Issoufou_Maradi: Hajiya yana shiguwa sarai, tun 2007 aka maido da taragun cikin gari ta wurin an ɗan gyara shi, sai dai kada ya sa ran ganin irin Champs-Élysées, shahararren titin nan na Paris, hayaniya ce da cunkoso. In sautun kayan yaji ne ko dabino ko naman halal ya ratse kasuwar Noailles nan gefen titin, Larabawan Aljeriya da 'yan Komoros da 'yan Senegal ne suka cika ta, kuma ya riƙe wayarsa da kyau.