Shawarwarin iyaye a Garwa kan finafinan yara

Iyaye da malaman da suka tattauna a Garwa, birnin da ke arewacin Kamaru, sun yi ittifaƙi cewa fim ɗin yara mai inganci shi ne wanda babba zai kalla bai ƙosa ba. Sun fifita labari a kan kyan zane, suna kafa hujja da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, inda yaro ke dariyar wayon Gizo, kakarsa kuwa tana hango kwaɗayin da zai kai shi ya baro. Shawarar da ta fi nauyi a ganina ita ce uwa ko uba su fara kallon kashi ɗaya kafin a bar yara gaban katun na Faransanci a tashar talabijin ta Canal+, domin ba kowane zane aka yi don yara ba. An kuma roƙi masu shirya finafinan Hausa su rage wa'azi tsagwaro.