Mai da tsohuwar gangar giyar inabi teburin wasannin bidiyo na da

Mai tambaya: Jama'a, akwai tsohuwar gangar katako a hannuna, irin wadda ake tsuma giyar inabi, mai cin lita 225. So nake ta koma teburin wasan bidiyo irin na shekarun 1980, allo a kwance ƙarƙashin gilashi, mutum biyu na fuskantar juna. Waɗanda suka taɓa yi, ta ina ake kamawa?

Kafinta: Ajiye zarto tukuna, ɗan'uwa. Gangar nan ba ƙusa ba gam a jikinta, zobban ƙarfe ne kawai suka matse katakan, danshi ya kumbura su. Ta kwana biyu a busasshen ɗaki sai itacen ya tsuke, zobban su sulale ƙasa. Don haka ka fara huda ƙarfen, ka ɗaure kowane katako da zobensa da ƙusa mai murɗi. Ƙofar gyara kuwa, ka zana ta tsakanin zobba biyu, ka ɗaure katakanta da sillen ƙarfe biyu a kwance kafin zarto ya taɓa su. In ba haka ba ƙofar za ta warwatse maka a hannu. Cikin gangar za ka tarar da ɓawon gishiri-gishiri ja da tsamin wari. Kankare shi, wanke, bar ta ta bushe sarai, sannan ka shafa bani, man ƙyallin katako, don ya rufe warin.

Mai gyaran allo: Malam Kafinta ya gama magana a kan itace. Ni abin da na fi ganin yana ba mutane kunya allo ne. Bakin gangar bai wuce santimita 56 zuwa 58 ba, saboda haka mai inci 17 ya fi shiga lafiya. Mai inci 19 sai an cire masa gidansa na roba. Sannan ka guji nau'in allo mai arha da ake kira TN. Idan aka kwantar da shi, ta wani ɓangaren kala na fita, ta wani kuma ya dusashe ko ya yi duhu. Nemi nau'in IPS, wanda kalarsa ke fita ta kowane ɓangare. Gilashin sama ya zama mai ƙarfin nan da ake gasawa, kauri milimita 6, kuma ka ba su awo daidai, don ba ya yankuwa bayan an gasa shi.

Mai haɗa na'ura: Ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi 4 da RetroPie, manhajar kunna tsofaffin wasanni, sun wadatar. Ba Pi ɗin caja mai bolt 5, amfiya 3. Ƙaramar caja ce ke sa alamar walƙiya ta fito wasa ya riƙa sarƙewa. Ganga rufaffiya tana tara zafi, shi kuma Pi da ya kai digiri 80 sai ya rage gudu da kansa. Fanka ɗaya ta fitar da iska ta sama, ramuka a ƙasa su shigo da ita. Ramin toshiyar da ke cikin gangar, nan wayar wuta za ta bi, ba sai ka sake huda ba.

Tsohon ɗan wasa: Yaya, kar a manta da sandar sarrafawa. Pac-Man na 1980 hanya huɗu ya sani. Ka sa masa sanda mai hanya takwas, sai ka karya kwana ya ƙi bi. Sandar JLF ta kamfanin Sanwa tana da faranti a ƙasa da ake juyawa ta koma huɗu. Maɓallan Sanwa ramin milimita 30 suke so, irin na Amurka 28, ka tabbatar kafin ka huda. A cikin MAME kuma, manhajar da ke kwaikwayon tsofaffin na'urorin wasan, a kunna tsarin tebur, shi ke juya hoton idan yin mutum na biyu ya zo.

Kafinta: Saura tsayi. Kusan santimita 95 ne, kujerar zaure ba za ta kai ba. Ko a samo dogayen kujeru, ko a rage gindin a mayar da zobe saman inda aka yanka. Dogayen kujerun sun fi sauƙi.