Dala, riyal, ko in ba wani a nan in karɓa a can?

Ɗan Ringim: Assalamu alaikum 'yan uwa. Biza ta fito, aikin tuƙi ne a gidan wani Balarabe a Riyad, saura kwana goma sha biyu jirgi. Shanun huɗarmu biyu muka sayar da riɗin bana, bayan an sallami ejan abin da ya rage a hannuna miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu ne. An ce ba a buɗe wa mutum asusun banki a can sai iƙama, wato katin izinin zama, ta fito, kuma tana iya jan wata biyu ko uku. To in shiga Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, in canza dala, ko riyal zan saya kai tsaye, ko in ba wani a nan in karɓa a can? Baba kuma cewa yake in bar masa ya sayi tumaki a ɗaure. Wanda ya taɓa tafiya don Allah ya taimaka.

Bakanike: Ka zuba a banki kawai, kana sauka ka cira da kati.

Direban Dammam: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah Ya sa a je a sa'a. Bakanike, ranar da na sauka sau uku na'ura tana tofo min katina na naira, ko kuɗin ruwa ba ni da shi. Riyal a ɗaure take da dala, 3.75, ba ta motsi, dala ɗari riyal 375 ce, ɗan abin da mai canji zai tsakura ba yawa. Sai dai ka duba takardar da za a ba ka a Wapa ɗaya bayan ɗaya. Kar ka karɓi tsohuwar dala mai ƙaramin hoton kai, kar ka karɓi wadda aka buga wa hatimi ko aka yi wa rubutu da biro. Ni guda ɗaya mai ɗigon tawada a gefe sai da na zaga shago huɗu da ita.

Na Maigatari: Hattara da kwastan! Abin da ya haura dala 10,000 dole ka bayyana a filin jirgin Malam Aminu Kano, su ma can akwai iyakar da in ya kai ta sai ka cike takarda, har gwal a ciki.

Bakanike: Dala dubu goma! Bawan Allahn da kuɗinsa ko dubu ɗaya bai cika ba. Ka kai shi wajen baduku a ɗinke maka kamar laya, ba mai taɓawa.

Maman 'Yan Biyu: Ɗana, komai za ka yi kar ka ba kowa a nan. A 2022 na tafi aikatau Jidda. Kason gonar gadona na sayar, dubu ɗari shida na ƙirga wa wani mutumin garinmu a zauren gidansa, a gaban yayana. Mutum ne da sahun farko ba ya wuce shi. Ya yago kwalin sukari ya rubuta min lambar yaronsa a baya, ya ce ina sauka in kira. Kwalin nan a bakin zanina na ƙulle shi har cikin jirgi. Na kira, a kashe. Washegari a kashe. Kwana na uku uwar ɗakina ta karɓe wayar. Wata huɗu ko sabulun wanka sai wata 'yar Habasha da muke aiki tare ta sammin. Yayana ya yi ta sintiri, kullum kuɗi na hanya. Aka shiga canjin takardun naira ya ce babu tsaba a gari. Aka saki naira a 2023 ta faɗi, sai a lokacin ya fara biyan innarmu dubu hamsin, dubu talatin, har ya cike bayan shekara biyu. Ya ce ai ya biya. Ya biya ɗin, amma ko rabin riyal ɗin da ya kamata in karɓa ba za ta saya ba. Har yau in mun haɗu a hanya shi ke fara gaishe ni.

Malamin Islamiyya: Allah Ya mayar miki da alheri Hajiya. Shi ya sa shari'a ta ce canjin kuɗi da kuɗi hannu da hannu ne, yadan bi yadin, kafin a rabu a majalisi.

Direban Dammam: Gafarta Malam, da girmanku, amma mu duk wata haka muke aikowa gida. Na miƙa riyal a nan, kafin in fita daga shagon alat ya shiga wayar matata. Hajiya ba ta dace da mutum ba ne.

Maman 'Yan Biyu: Daga can zuwa nan daban, daga nan zuwa can daban. Kai kana tsaye a kansa. Ni wa zan riƙe?

Na Maigatari: Riyal ɗin ma jiya naira 395 wani yaro ya saya a Wapa.

Bakanike: Ina? 415 aka ce min shekaranjiya.

Direban Dammam: Bakanike, kai Umara ka je ta sati biyu, kai kuma Na Maigatari iyakarka sefa a kasuwar Alhamis. Ku bar masu shekara shida su yi magana.

Na Maigatari: Masu shekara shida da har yau ginin bai kai linta ba?

Direban Dammam: Ka sosa min inda yake ƙaiƙayi. Sau uku ina turo kuɗin bulo. Ƙanena ya ɗauko min hoton gini har da tagogi, ashe na maƙwabci ne. Da na zo hutu yashi tifa ɗaya na tarar, awaki na kwance a kai. Na yi magana, Inna ta ce in rufa asiri, ɗan uwa ne. Ɗan Ringim, tumakin da Baba zai ɗaure, wa zai riƙa yi musu ciyawa?

Maman 'Yan Biyu: Ni keken ɗinki aka ce an saya min. Har yau ban ga ko allurarsa ba.

Ɗan Ringim: Na gode ƙwarai iyayena da yayyena. To amma dalar ko riyal ɗin?

Bakanike: Direba, bulo nawa ya ce maka ya buga?