Wane hoton sama ne zai nuna itatuwan da garinmu ya rasa?

Ɗan Baure: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Akwai wani kurmi arewa da ƙauyenmu da iyayenmu ke cewa da can yaro ba ya shigarsa shi kaɗai. Yau gonaki sun cinye shi, burtalin da shanu ke bi ma ya koma kamar hanyar ƙafa. Ƙungiyar matasanmu na son kai wa hakimi da ƙaramar hukuma hujjar da ido zai gani. An ce da hoton tauraron ɗan'adam ana iya duba shekarun baya. Da me zan fara? Kwamfutata tsohuwa ce, data kuma sai ana lallaɓawa.

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Sauke Google Earth Pro a kwamfuta, kyauta ne. Akwai alamar agogo a sama, in ka danna za ka riƙa ja baya shekara-shekara. Inda hoton ya fito tas har inuwar kuka za ka gani. Sai dai ƙauyuka ba su cika samun tsofaffin hotuna masu kyau kamar birane ba.

Abban Sadik: Ka gwada shafin Global Forest Watch ma, a waya yana buɗewa. Yana nuna inda aka yi asarar daji tun daga 2001.

Malamar Taswira: Abban Sadik, a yi haƙuri, wannan ba zai yi masa aiki sosai ba. Shafin yana da kyau ga dajin kudu inda itatuwa suka haɗa kai suka rufe ƙasa. Abin da yake ƙirgawa itace ne da ya haura mita 5, kuma yakan buɗe ne da ma'aunin inuwar da ta rufe kashi 30 cikin ɗari na wuri. Mu kuwa a ƙasar Daura gawo na nan, ɗorawa na can, tsakaninsu gero. Sai ka duba ya nuna maka kamar babu abin da aka rasa, alhali an sare rabin abin da ke tsaye. Irin wannan ne ya sa a 2020, da masu bincike suka yi amfani da hotuna masu kaifi sosai, suka ƙirga itatuwa sama da biliyan 1.8 a yammacin Sahara da Sahel, wuraren da taswirori da yawa ke nunawa kamar fili ne fetal.

Ɗan Baure, in shekarun iyayenka kake nema, taurarin ɗan'adam na Landsat ne naka. Amurka ta harba na farko a 1972, kuma tun 2008 hotunan kyauta ne a shafin EarthExplorer, rajista kawai za ka yi. Daga shekarun 1980 kowane ɗigo a hoton mita 30 ne a ƙasa. Itace ɗaya ba zai fito ba, amma iyakar kurmi da faɗin burtali za su fito. Na kwanan nan kuma ka ɗauki Sentinel-2 na Turai, wanda ya fara a 2015. Nasa ɗigon mita 10 ne, kuma kusan duk kwana 5 yana sake bi ta kanku. A shafin Copernicus Browser za ka iya kallo ba sai ka sauke ba, datarka ta huta.

Ɗan Baure: Allah ya saka da alheri Malama. To hoton wane wata zan ɗauka? Na damina, tunda lokacin ne komai ya yi kore?

Tsohon Malamin Daji: A'a ɗana, nan ne mutane ke kuskure. A watan Agusta gero kore, ciyawa kore, ga gajimare ya rufe rabin hoton, ta ina za ka bambance gona da daji? Bari sai an girbe, an kwashe kara. Sannan ka tuna halin gawo: da damina yake zubar da ganye, da rani yake tohowa. Wanda ya ɗauki hoton damina ya ce zai ƙirga gawo ya ƙirga iska. Ni da na yi aiki a gandun daji, Fabrairu zuwa Maris nake so, amma a zaɓi ranar da babu hazo, don ƙurar hunturu na dusashe hoto.

Wani abu kuma. Layukan dalbejiya da aka dasa don kare iska kore ne shar kusan duk shekara, suna iya sa ka ce daji ya dawo. Dalbejiya ba ta maye gurbin kanya da tsamiya da marke. Sabara da kalgo da suka toho bayan sara su ma kore suke bayarwa. Tauraro ba ya sanin sunan itace, sai ka taka da ƙafarka.

Malamar Taswira: Gaskiya ne Baba. Kuma duk shekarar da ka kwatanta, wata ɗaya za ka riƙe. Maris da Maris, kada ka haɗa Maris ɗin 1990 da Oktobar bana. In ka kai ga lissafin kore da ake kira NDVI, manhajar taswira ta QGIS na yi, ita ma kyauta ce, kuma tsohuwar kwamfuta na ɗauka in ka yanko yankinku kaɗai.

Maman Walid: Ku ba ni aron zauren kaɗan. Mu a Jibiya ruwa ne damuwarmu, ba mu manta ambaliyar Yulin 2018 ba. Akwai abin da ke nuna tudu da kwari, mu san inda bai kamata a yi gini ba?

Injiniya: Akwai, Hajiya. SRTM, ma'aunin tsayin ƙasa da aka ɗauka daga sama a shekarar 2000, yana EarthExplorer shi ma. Zai nuna miki inda ruwa ke gangarawa, amma ba zai ga kwalbatin unguwa ba, wannan sai mai safiyo. Lokacin ambaliya kuma hoton tauraron Sentinel-1 ake dubawa, don shi rada ne, gajimare ba ya tare shi.

Baban Ummi: Ɗan Baure, in kun je wurin hakimi ku ba shi labarin maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram. Can manoma suka riƙa barin tohon gawo a gona suna sassabe kewayensa, har aka kiyasta kadada miliyan 5 sun farfaɗo. Kwatanta tsofaffin hotunan jirgi da na tauraro ne ya nuna wa duniya girman aikin. Ƙasarsu da taku iri ɗaya ce.

Tsohon Malamin Daji: Ka ɗauki dattijo biyu da Bafulatani ɗaya da ya san burtalin, ku zaga tsohuwar iyaka kana ɗaukar lambar GPS da wayarka a kowace kusurwa. Wannan naku ne na Baure. Masu son yin haka wajen dajin Rugu kuwa, don Allah su tsaya ga hoton tukuna saboda matsalar tsaro.

Ɗan Baure: Na gode Baba, na gode kowa. Ranar Asabar za mu zaga in sha Allah, mai unguwa ya ce zai raka mu. Malama, in na samo lambobin zan iya turo miki?

Malamar Taswira: Turo su, tare da hoton kowace kusurwa da ka ɗauka a waya. Zan duba wace shekara ce Landsat ke da hoton Maris mai tsabta a kanku, sai in nuna maka yadda za ka jera su biyu a takarda ɗaya.