Ina goyon wata huɗu, wace ƙwayar tazara zan sha?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina goyon wata huɗu, al'adata ta dawo, ga tsoron kwanika. Mun yi shawara da maigida, ya yarda in yi tazara. Maƙwabciyata ta ce in sayi Microgynon a kemis, ita ma ita take sha. Don Allah wadda ta sani ta ba ni shawara.

Ummu Hanan: Wa alaikumus salam. Ni ƙwaya nake sha kuma lafiya lau, amma asibiti aka ba ni, bayan an gwada jinina. Ki jira Anti Nas ta shigo kafin ki sayi komai.

Amarya: Ni fa tsoro nake ji. An ce taruwa suke yi a mahaifa, daga baya mace ta nemi haihuwa ta rasa.

Anti Nas: Amarya, ƙanwata, wannan magana ba ta da tushe. Ƙwayar narkewa take a ciki, ta bi jini, jiki ya fitar da ita. Shi ya sa ake shan ta kullum. Mace na dainawa za ta iya ɗaukar ciki ko a watan. Allurar wata uku ce ke iya jinkirta ciki na wasu watanni bayan an daina.

Maman Biyu, ki dakata da ta maƙwabciyarki. Ƙwayar iri biyu ce. Irin su Microgynon sinadari biyu ne a ciki, ɗayan kuma yana iya rage ruwan nono, don haka ba a so mai shayarwa ta fara ta sai jariri ya cika wata 6. Taki ita ce mai sinadari ɗaya, kamar Microlut, ba ta taɓa nono. Sharaɗinta lokaci: idan kin saba sha ƙarfe 9 na dare, kika wuce awa 3 ba ki sha ba, ki sha da zarar kin tuna, sannan ku yi amfani da kororon roba kwana 2.

Maman Biyu: Na gode Anti, Allah ya saka. Amma tana hana cikin da gaske? Yayata tana sha ta samu.

Anti Nas: Mata 100 masu sha daidai kullum, da wuya a samu 1 da za ta ɗauki ciki a shekara. Amma yadda ake sha a zahiri, yau an manta, gobe kati ya ƙare ba a karɓo wani ba, kusan 7 cikin 100 ke ɗauka. Akwai kuma abin da ke karya ƙarfinta: maganin tarin TB mai suna rifampicin, wasu magungunan farfaɗiya, ko ki yi amai cikin awa 2 da sha. Idan amai ne, ki ƙara shan wata.

Hajiya Babba: 'Ya'yana, ku bar ni in sa baki. Ni na je karɓa, nas ɗin ta ɗaura mini abin gwaji a hannu, ta ce jinina ya hau, ba za ta ba ni mai sinadari biyu ba. Ban ma san ina da hawan jini ba, babu abin da ke damuna. Da kemis na je, da miƙo mini kawai za a yi. Ashanar hannu aka sa mini, wato ɗan siririn abin tazara da ake sakawa ƙarƙashin fatar hannu, hankalina kwance.

Anti Nas: Gaskiya ne Hajiya. Ba hawan jini kaɗai ba. Mai ciwon kai na ɓari guda da ke zuwa da walƙiya a ido, wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya, mai shan sigari da ta kai shekara 35, duk ba a ba su mai sinadari biyu. Mai sankarar mama kuwa ko wace iri ba ta sha. Wadda ke kan ƙwaya ta ga ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi, asibiti take a ranar, ba jira. Ga mai lafiya kuma mai sinadari biyun tana da amfani: tana rage ciwon mara da yawan zubar jini, tana rage haɗarin sankarar mahaifa da ta ƙwan mace.

Ummu Hanan: Abin da ya ba ni wahala a farko ɗigon jini ne, har ya rikita mini lissafin sallah. Na tambayi malamarmu ta islamiyya ta warware mini hukuncin, nas kuma ta ce yakan lafa bayan wata 3, haka kuwa aka yi. Dabarata, katin yana cikin aljihun jakar da nake ajiye carbi, ina sallame isha'i nake haɗiya. Ko azumi ya zo ba na canja lokaci.

Amarya: To Postinor fa? Ƙawata ita take sha duk sati.

Anti Nas: Ta gaggawa ce, wadda ake sha bayan an sadu babu kariya, ba ta kai ta kullum ƙarfin kariya ba, kuma tana rikita al'ada. Ki ce mata ta zo a zaɓa mata tsayayyiya. Kuma babu ƙwayar da ke kare mace daga cutar sanyi ko ƙanjamau, wannan aikin kororon roba ne.

Maman Biyu: Ranar Talata muna da rigakafi. In na gama zan shiga ɗakin tazara a gwada jinina. Anti, sai na tafi da katin awona?

Anti Nas: Ki tafi da shi, da duk wani magani da kike sha yanzu, har na gargajiya.