Wane suna za mu ba ƙarfen da ke kare ƙarƙashin kat-kat?

Malamin Hausa, Birni

Assalamu alaikum. Masu gareji da direbobi, ina neman taimakonku kan faifan ƙarfen nan da ake ɗaurawa ƙarƙashin kat-kat, wato mota mai ja da tayoyi huɗu, don kada dutse ya fasa karter, kwanon baƙin mai da ke ƙasan inji. A Damagaram kowa da yadda yake kiransa: wani ya ce bilandaji, wani ya ce sabo, wani tol kawai, masu sayo kaya daga Kano kuma su dawo da sikid-filet. Sabo dai ba za ta zauna ba, don wanda ya saya yau sai ya ce ya ɗaura sabon sabo. Bilandaji kuwa, kunne na jin ta sai ya tuno motar soja. Ina da kalmomi uku a hannu: sulke, garkuwa, da takalmi. Ta ukun na ɗauko ta ne daga ma'anar sabo a Faransanci, takalmin katako ko kofaton doki. Ku faɗa mini ainihin aikin abin tukuna, kada in raɗa wa jariri suna ban ga fuskarsa ba.

Makaniki, Zango

Wa alaikumus salam, Malam. Abubuwa biyu ne mutane ke haɗawa. Akwai robar nan ko siririn tol da mota ke zuwa da shi daga kamfani, wannan ƙura da tsalgin ruwa kawai yake tarewa. Wanda kake tambaya shi ne mai kauri da ake sayowa daban ko a ƙera. Aikinsa uku: ya karɓi dukan, ya miƙa shi ga shasi, wato ƙarafan da gangar mota ke zaune a kansu, sannan ya bar mota ta zame ta wuce kan abin da ta taka.

Buƙatar kuma ta danganta da motar. Hilux tun daga ƙirar 1997 kowace tayar gaba tana motsi ita kaɗai, difaransiyel ɗin gaba, mai raba wa tayoyin ƙarfi, yana ɗaure a shasi. In ka faɗa kwari tayoyi biyu suka nutse sama, ƙirjin motar ne ke saukowa ya doki ƙasa. Wannan ita ce ta fi buƙatar ƙarfe tun daga ƙarƙashin radiyater har bayan karter. Land Cruiser jerin 70, da aka fara a 1984, aksul ɗinta na gaba guda ne, wanda muke ce wa pon, yana hawa da sauka tare da tayoyi. A kanta abin tsoro shi ne sandunan sitiyari, buwat ta taransfer (akwatin giyar da ke raba ƙarfi gaba da baya), da tanki. Kuma kada a kuskura a ɗaure ƙarfe ɗaya gefe a pon gefe a shasi, don pon yana motsi, shasi ba ya bin sa. Ko dai bulon ya karye, ko ƙarfen ya yage.

Direban hanyar Tanut

Ni dai sulke ta fi mini daɗin faɗa. Duk wanda ya ga mahayan Sarkin Damagaram ranar hawan salla ya san sulke, ba sai an yi masa bayani ba. Ƙarfe ne, ana sa shi don kare jiki, me kuma ya rage?

Makaniki, Zango

Yayana, abin da ya rage shi ne tazara. Sulke a jiki yake kwanciya. Yana hana kaifi yanka, amma in aka kai maka kulki, nauyin dukan yana isa ƙashi. Ƙarfen da ya kwanta jikin karter haka yake, dutse ya doke shi, shi kuma ya doki karter, ka kashe kuɗi kuma baƙin mai ya zube. Dole a bar fili tsakani, aƙalla milimita 15, in wuri ya yarda a kai 20, yadda yatsa zai shiga ya juya. Dalili na biyu, inji ba a tsaye cak yake ba, yana zaune kan robobi, yana karkata duk lokacin da ka taka. In babu tazara zai riƙa gogar ƙarfen har ya ci karter, kana ta jin ƙara kana neman ta a wani wuri.

Garkuwa fa? Nesa da jiki ake riƙe ta, hannu ne ke ɗaukar dukan, kuma ana karkata ta don mashi ya goce. Hannun a nan shi ne shasi. Duk bayanin da zan yi wa yaron gareji yana cikin kalmar.

Mai walda, Sabon Gari

Na bi bayan maigida. Takalmi ma a cire ta, Malam, don takalmin mota taya ce, kowa zai kai hankalinsa can.

Ga abin da ya shafi ɓangarena. Ƙarfe biyu ake yi da su, baƙin ƙarfe da alminiyam. Baƙin ƙarfe milimita 3 ya isa ga mai yawo cikin rairayi, 4 ga mai bin duwatsu. Alminiyam kuwa kada ya gaza 6, wasu na kai shi 8. Ɗauki faifai mai santimita 80 a 70: baƙin ƙarfe na milimita 4 zai yi kusan kilo 17 da rabi, alminiyam na 6 kusan kilo 9. In za ka rufe inji da buwat, wato akwatin giya, da taransfer da tanki duka, ka ga bambancin ya taru, kuma mafi yawansa kan sifirin ɗin gaba yake zama. Mota ta ɗan duƙa, ka rage mata tsayin da kake neman karewa.

Amma alminiyam yana da nasa hali. Yana da laushi, dutse mai kaifi yana cizonsa ya riƙe maimakon ya bar shi ya zame, irin duwatsun nan da suka kewaye garinmu kuwa ba su da sauƙi. In ya tsage sai mai waldar argon, ba a kowane gari ake samunsa ba. Baƙin ƙarfe in ya lotse a Tesker ko Aderbisanat, a kwance shi, a buga da guduma, a mayar. Shi ya sa ga motar da ke nesa da gari nake zaɓar baƙin ƙarfe, ko da ya fi nauyi.

Kuskure biyu da ake yawan yi wajen ƙira. Na ɗaya, tol mai ƙuraje irin na matakala, a juya ƙurajen suna kallon ƙasa wai don kyau. Wannan birki ka ɗaura. Fuskar ƙasa sumul ake so. Na biyu, faifai shimfiɗaɗɗe ba lanƙwasa. Lanƙwasa gefuna biyu sama kamar santimita 3 ta fi ƙarin milimita ɗaya na kauri ƙarfi, in kuma faifan yana da faɗi sai a yi masa haƙarƙari da ƙarfe mai kusurwa ta sama, inda ba zai taɓa inji ba. Bakin gaba a ɗaga shi kamar gaban kwalekwale. A fara yanka kwali a gwada a jikin motar kafin a taɓa ƙarfe, kwali ba shi da tsada.

Malamin Hausa, Birni

Madalla. Garkuwa ta samu ƙuri'a biyu da hujja. Sai dai ita kaɗai ba ta faɗi wurin ba, wani zai iya ɗauka ƙarfen gaban mota ake nufi, na tare shanu. Me za mu jingina mata? Garkuwar ciki? Garkuwar ƙasa?

Mai kayan gyara, Kasuwar Dole

Malam, cikin mota ai inda fasinja ke zama ne, za a zo shago ana neman abin rufe kujera. Garkuwar ƙasa kuma sojoji ne. Akwai wanda zai ce garkuwar gindi, to wannan ba za ta faɗu a gaban surukai ba. Garkuwar ƙarƙashi ta fi, duk da tana cika baki. A ciniki ma ba za a riƙa faɗinta duka ba, don ba guda ɗaya ake saye ba. Mutum zai ce garkuwar inji, garkuwar buwat, garkuwar taransfer, garkuwar tanki, kowa ya gane.

Mai sayen ta kanti ya zo da shekarar motarsa da irin injinta, ba sunan mota kawai ba. Ta Hilux ƙirar 2005 zuwa 2015 ba a ɗauka za ta hau wadda ta biyo bayanta, kuma mai gazuwal da mai esans ba lallai ƙofar bidanjinsu, ta juye baƙin mai, ta zo wuri ɗaya ba. A duba abu uku kafin a biya: ramukanta su dace da ramukan da ke shasi tun asali, tana da ƙofar bidanji daidai saitin bulon ɗin mai, kuma kan kowane bulon yana cikin loko, ba a waje yake tsirara ba. Kan bulon da ya fito, dutse na farko zai aske shi, ranar kwancewa kile ba ta da abin kamawa.

Sai maganar haƙori, a nan ake ɓarna. Bulon mai milimita 10 na Toyota haƙorinsa ƙanana ne, tazarar milimita 1.25, kansa na kile (sufana) mai lamba 14. Wanda ya cika kasuwa mai kan 17 yawanci haƙorinsa 1.5 ne. Zai shiga zagaye biyu ya cije, yaro ya sa ƙarfi, notin da ke manne cikin shasi ya lalace ko ya ɓalle yana juyawa a inda hannu ba ya kaiwa. A sayi mai hatimin 8.8 a kansa, da rondel mai faɗi, zoben ƙarfen da ake sa wa ƙarƙashin kan bulon.

Makaniki, Zango

Alhaji ya gama magana kan bulon. Ga yadda ake ɗaurawa. A hau rami, ko a tokare motar da abin da ba zai goce ba, kada a shiga ƙarƙashi jak kaɗai na riƙe da ita. A cire robar kamfani. Ramukan shasi a nan kullum cike suke da rairayi, a hure su da iska, a zuba ɗan mai, a gwada kowane bulon da hannu ya shige har ƙarshe kafin a ɗaga ƙarfe. A duba ko akwai yoyon mai a gyara yanzu, don garkuwa na hawa ba za ka ƙara ganin ɗigo a ƙasa ba.

A tallafe ta da jak da guntun katako, a sa bulon duka sako-sako, sai sun shiga gaba ɗaya sannan a fara matsewa daga tsakiya zuwa gefe. Wanda ya matse na farko tam, ramin ƙarshe ba zai zo ba. In da kile mai awo, na milimita 8 kamar niyutan-mita 25, na 10 tsakanin 45 da 50.

In garkuwoyin sun fi ɗaya, bakin bayan ta gaba ya rufe bakin gaban ta baya ta ƙasa, kamar ɓawon kifi. In aka juya, bakin ta baya ya zama shebur, yana kwasar ƙasa har ranar da zai kama dutse ya naɗe. An gama, a tada inji, a juya sitiyari har ƙarshe dama da hagu, a saurara. Kada ta taɓa sandar sitiyari, ko salansa mai fitar da hayaƙi, ko bututun birki.

Mai walda, Sabon Gari

Ni mai walda ne amma ina cewa kada a yi mata walda da shasi. Zafi yana raunana wurin, kuma ranar da za a sauke buwat sai an yanka. Haka huda leɓen shasi na sama ko na ƙasa, daga nan tsagewa ke farawa. In rami bai isa ba, a ƙera maƙali da zai kama ramin da ke akwai. Ta tanki kuma a ƙasa ake gama ta, nesa da motar, sannan a kawo a ɗaura.

Direban hanyar Tanut

To, na saki sulke, kun fi ni hujja. Amma ku ƙara wannan, don a hanya ake ganinsa. Gargada tana kwance bulon, a sake bin su da kile bayan kilomita 100 na farko, sannan duk bidanji. Inda akwai noti ta baya a sa mai roba a ciki.

Babban haɗari kuma ba dutse ba ne, ciyawa ce. Bayan damina, in ka bi sawun manyan motoci, tudun tsakiya yana shafar ƙarƙashinka, busasshiyar ciyawa da ƙarangiya suna taruwa saman garkuwa. Ga ɗigon mai, ga salansa da zafi, wuta ba ta buƙatar fiye da haka. A yi mata ramuka kamar na santimita 3 a wuraren da suka fi zurfi don rairayi da ruwa su zube, duk inda aka yada zango kuma a sa waya a sakace. Kada a toshe iskar da ke shiga ta ƙasan radiyater, a watan Afrilu allurar zafi za ta nuna maka. Cikin rairayi mai laushi irin na wajen Termit kuwa, garkuwa ba ta hana kafewa. In mota ta zauna a kanta tayoyi na juyawa a banza, sai shebur da rage iskar taya.

Malamin Hausa, Birni

Allah ya saka muku. Ga abin da zan rubuta: garkuwar ƙarƙashi ga abin gaba ɗaya, jam'i garkuwoyin ƙarƙashi, sannan garkuwar inji, ta buwat, ta taransfer, ta tanki. Robar kamfani marfin ƙura, don kada ta ci sunan da ba nata ba. Aikatau kuma ɗaura da kwance. Ba za mu ce liƙa ko manna ba, tunda mai walda da kansa ya hana.

Mai kayan gyara, Kasuwar Dole

Malam, kada ka rufe littafin. Saura bututun nan biyu da ake ɗaurawa ƙarƙashin ƙofofi don dutse kada ya lotsa gefen mota. Mutane na ce musu matakala, alhali na gaske a shasi suke ɗaure, suna iya ɗaukar nauyin motar, matakala kuwa da ta taɓa dutse take naɗewa ta shige jikin ƙofa. Su ma garkuwa za mu ce, ko a nemo musu nasu?